Ƙarar kyas-kyas a injin babur da sanyin asuba

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu, idan na tayar da babur ɗina da asuba, injin yakan yi ƙara kyas-kyas, amma kafin in kai Kwangila ta ɗauke. Ko matsala ce?

Makanikin Tudun Wada: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Baƙin mai yana gangarawa ƙasan inji cikin dare, sanyi kuma yana ƙara masa kauri, shi ya sa yake jinkirin hawa zuwa bawul, wato 'yan ƙarafan da ke buɗe hanyar shigar mai da fitar hayaƙi a saman inji. Ka bar shi ya yi ɗumi na minti 2 ba tare da ka murza totur ba.

Baba na Ƙofar Doka: Yaro, duba man tukuna. Nawa bai daina ƙarar ba ko da ya yi zafi, ashe tafet ne ya buɗe, wato tazarar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi ta yi yawa, sai da aka saita shi.