Jama'a a taimaka min da Hausar kwamfureshan kafin Asabar

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Ina neman taimako cikin gaggawa. A ƙauyenmu nan gefen Ringim mun tara yara goma sha da suka gama sakandare suna zaune ba aikin yi, wani maigidanmu bakanike ya yarda zai riƙa koya musu gyaran babur duk Asabar, ni kuma aka ɗora min rubuta darasin a takarda da Hausa don yawancinsu turancin bai zauna ba. Darasin farko shi ne tsohon babur ya ƙi tashi, me za ka duba. Maigidan ya ce abu huɗu inji ke buƙata: mai, iska, wuta, sai na huɗun da suke cewa kwamfureshan. Uku na farko Hausarsu a fili take, na huɗun ne ya tsaya min a wuya tun jiya. Gobe Juma'a zan shiga gari in buga takardar, don Allah a ba ni kalma.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Wa alaikumus salam. Malam ka rubuta ƙarfin inji kawai, haka muke faɗa, babur ba shi da ƙarfi.

Bakaniken Tasha: A'a yaya, ba ɗaya ba ne. Babur zai iya rasa ƙarfi saboda kuloci ya cinye ko soson iska ya toshe da ƙura alhali kwamfureshan ɗinsa lafiya lau. Abin da ake nufi shi ne in fistin ya taso sama yana matse mai da iskar da suka shigo a ɗan ƙaramin wuri, sai fulogi ya ba da wuta abin ya kama. In ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya cinye, iskar sai ta zurare ta gefe, za ka ji kik yana tafiya salalau ba ya turo ƙafarka. Ni dai matsi zan ce.

Maman Biyu: Matsi ya yi, amma shi kaɗai mutum zai tuna da matsin rayuwa ne. A ce matsin iska.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Matsin iska kuma yaro zai ruga wajen mai faci ya duba taya.

Malam Mai Nazarin Hausa: Kafin a je ga wannan ni akwai abin da ya fi damuna. Na karanta abin da kuka rubuta, fulogi, kuloci, fistin, ringi, kik, wai duk wannan Hausa ce? Ana so a koyar da yara da harshen uwa amma rabin takardar turanci ne da aka sa wa hula. Kakanninmu da suka ga jirgi na tashi a sama ba su ari sunan Bature ba, cewa suka yi jirgin sama, na dogo suka ce jirgin ƙasa. Mu me ya hana mu? Kalmar da kuke nema tana nan, danƙara. Ka danƙara gero a buhu, ka danƙara auduga. Don haka ina ba da shawarar danƙarau. Fulogi kuma ƙyastu ne, tunda aikinsu ɗaya, fitar da tartsatsi.

Malamin Firamare: Allah gafarta Malam na gode, ƙyastu kam ya burge ni wallahi. Sai dai tsorona yaron nan zai je shagon kayan gyara a Gujungu ran Lahadi ya ce a ba shi ƙyastu.

Maman Biyu: Malam da girmanka, amma danƙarau bai hau ba. Irin wannan siga ta mutum ce mai yawan yin abu, kamar mantau, makarau, jimrau. In ka ce danƙarau ai ka raɗa wa fistin suna ne, shi ne mai danƙarawar, ba yanayin da iskar ke shiga ba. In ma dole sai wannan tushen to danƙarewa ko danƙara za a ce.

Malam Mai Nazarin Hausa: Hajiya harshe ba a ɗaure yake ba, kalma takan faɗaɗa ma'ana. Waya da farko zaren ƙarfe ce, yau ga ta a hannunki babu zare ko ɗaya. Danƙarau gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, yaro zai riƙe ta. Na shekara ina jin irin wannan, duk wanda ya kawo kalmar gida sai a nemo mata aibi, ta Bature kuwa ko ba ta furtuwa a baki sai a karɓa hannu bibbiyu.

Maman Biyu: To ai waya ɗin da ka kawo misali ita ma aro ce.

Ɗan Maigatari: Ku bar ni in shigo. Mu nan bakin iyaka ran Alhamis kasuwa cike take da 'yan uwanmu na Nijar, su fulogi buji suke ce masa daga Faransanci, kuma Hausawa ne kamar mu, ba wanda ya isa ya ce Hausarsu ta lalace. Kowa abin da ya tarar a bakin masu sana'a shi yake faɗa. Kuma ni gaskiya abin da ke ba ni haushi kullum sai a zauna a birnin Kano a yanke mana yadda za mu yi magana, kamar mu na Gumel da Haɗejiya ba mu iya ba.

Malam Mai Nazarin Hausa: Ni ba a birni nake ba, a ƙasar Ɗambatta nake. Kuma daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan karin Kano ne, wannan ba ni na ƙirƙiro ba, ba kuma raini ba ne ga kowa.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Littafi da alƙalami da kake koyarwa da su ai Larabci ne Malam, ban taɓa jin ka ce a canza su ba. Na yi acaɓa a Kano har aka hana a 2013 na dawo gida noma, ban taɓa jin wani ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa a tasha ba, kwamfuta kowa ke cewa. Kalmar da aka ƙera a ofis a ofis take mutuwa.

Malam Mai Nazarin Hausa: Larabci ya shekara ɗaruruwa a cikinmu ta hanyar addini da karatu, ya narke. Kada a haɗa.

Malamin Firamare: Jama'a don Allah a dawo kan magana, dare na yi. Ni ba gardamar asali na zo yi ba. Ga yadda na tsara, ku duba min. Na farko a duba mai, akwai a tanki, famfon a buɗe yake ko an manta ba a juya shi rizab ba, sannan a kwance ɗan sukurun ƙasan kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, a ga ko mai na sauka, in da ruwa a ciki a zubar. Na biyu a cire fulogi a sa shi a hularsa a jingina da jikin inji a buga kik, a ga wuta shuɗiya mai ƙarfi. Na uku soson iska. Na huɗu wannan kalmar tamu, a toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik, in ya ture yatsan to akwai, in bai ture ba ringi ne ko bawul, wato 'yar ƙofar shigar mai da fitar hayaƙi. Da tsohuwar Jincheng ɗin babanmu za mu gwada, tun farkon damina take jingine a zaure.

Bakaniken Tasha: Malam tsarin ya yi, amma gyara biyu. In Jincheng ɗin nan ce mai hayaƙi wadda ake haɗa mata mai da man inji, to ba ta da bawul sam, kada ka sa yara neman abin da babu. Bawul sai irin su Boxer da Honda CG 125. A irin waɗannan akwai dabara, ka ɗiga man inji kamar cokali ƙarami a ramin fulogi ka sake bugawa, in matsin ya dawo to ringi ne, in bai dawo ba ka nufi bawul ko gaskit ɗin kai. Na biyu, babur ɗin da ya yi wata huɗu a ajiye ni kafin komai kafireto nake zargi, tsohon mai yana bushewa ya bar danƙo ya toshe jet, ɗan ramin da mai ke bi, balle in na 'yan bumburutu ne da ba a san me ke ciki ba. Kuma ka rubuta da manyan baƙi kada yaro ya gwada wutar fulogi kusa da man da ya zube, ko ya riƙe ƙarfen da hannu, zai ja shi. Ka ƙara maganar cok ma tunda hunturu na tafe, a ja shi da sanyin safiya don ya rage iska mai ya yi yawa, da ya tashi a mayar, in an bar shi fulogi zai yi baƙi ya jiƙe.

Malam Mai Nazarin Hausa: Cok kuma mashaƙi ne, tunda shaƙe iskar yake yi.

Maman Biyu: Wannan kam ya hau ƙa'ida, kamar mabuɗi da marufi. Ba ni da ja.

Bakaniken Tasha: Kun lura ni da kaina matsin na ce ɗazu ba tare da na yi tunani ba. Ku sa matsin inji, ba mai kai shi wajen taya ba kuma mai kai shi wajen tsadar rayuwa.

Malam Mai Nazarin Hausa: Inji ma ba Hausa ba ce.

Ɗan Maigatari: Haba Malam, injin niƙa fa, injin ban ruwa fa?

Malamin Firamare: To ga abin da zan buga. Matsin inji, kuma a layin farko zan faɗa sau ɗaya cewa shi ne makanikai ke kira kwamfureshan don kada su je gareji su rasa gane maganar oga. Cok zan rubuta cok ko mashaƙi. Fulogi yana nan a fulogi amma zan ce aikinsa irin na ƙyastu ne. Danƙarau kam Malam ka yi haƙuri, ban sa ba.

Malam Mai Nazarin Hausa: Ban gamsu ba, har yanzu ina ganin danƙarau ta fi, kuma da ita zan ci gaba da koya wa ɗalibaina. Amma tunda an ɗauki mashaƙi, Allah ya sa albarka a darasin. Ka sa mashaƙi a gaba, cok a baya.

Bakaniken Tasha: Malam kafin Asabar ka juye tsohon man da ke tankin nan ka sayi lita ɗaya sabo a gidan mai, ka taho da sabon fulogi ko da na ciki ya mutu, kuma ka tambayi maigidan ko yana da sifanar fulogi don ba kowace ke shiga ramin ba.