Takardar haraji da neman wa mata ko miji izinin zama a Amurka

Duk wanda ke da aure ranar 31 ga Disamba, a wurin hukumar haraji ta IRS mai aure ne a shekarar gaba ɗaya. Nan ake yin tuntuɓe: mutum ya rubuta a takardar haraji cewa ba shi da aure, alhali ya shigar da fom I-130, na neman wa dangi izinin zama, a hukumar shige da fice ta USCIS don matarsa. Jami'i zai ga saɓanin. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a gyara da 1040-X, fom ɗin gyaran takardar haraji, tun kafin ranar ganawa da jami'in shige da fice.

Cika haraji tare ba dole ba ne, amma hujja ce mai nauyi cewa auren na gaske ne. Wanda ya cika shi daban, misali saboda bashin karatu, ya tanadi bayani, da takardar haya da asusun banki mai sunayensu biyu. Matar da ke ƙasar waje kuwa, ana nema mata lambar ITIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da fom W-7.