Abin da aka tattara kan koyon ɗaukar hoto da gyaransa a kwamfuta

Jama'a, tattaunawar da muka yi kan koyon hoto ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga ciki.

1. Kusan kowa ya yarda haske ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Ranar Katsina da azahar tana jefa inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin ido. A fita da sassafe ko bayan la'asar. Wasu sun ce a gwada hannu a Hasumiyar Gobarau, launin ƙasarta kan fito da kyau a lokacin. Da hunturu kuma ƙura na lulluɓe gilashin kyamara, a goge da ƙyalle mai laushi, ba bakin riga ba.

2. Waya ko kyamara? Nan aka rabu. Wasu sun ce a fara da wayar da ke hannu. Masu goyon bayan kyamara sun ce ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na ba da damar ceto hoton da ya yi duhu, fiye da JPEG, tsarin hoto na yau da kullum. Ga mai koyo, ni dai ina tare da na farko.

3. Manhajojin gyaran hoto: Photoshop biyan kuɗi ake yi, GIMP kyauta ce. A waya, Snapseed.

4. In fosta za a buga, a sa 300 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) da launin CMYK (tsarin launin injin bugawa). Koren da ke sheƙi a allo kan fito a dushe a takarda idan aka bar shi RGB (tsarin launin allo). Tambari a ajiye shi PNG, tsarin fayil ɗin da ke iya barin bayan hoto ba launi.

5. WhatsApp na matse hoto, a tura shi a matsayin fayil.

6. Gyaran fuska ya jawo ce-ce-ku-ce. Kaɗan sun ce amare haka suke so, mafi yawa sun ƙi a goge fata har ta koma kamar roba.