Neman shawara: sifin ɗin nan ya ƙi juyawa

Ɗalibar Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa, a taimaka mini don Allah, kaina ya ɗau zafi. Fizik nake karantawa nan Yamai, memuwar ɗina, wato littafin kammala karatu, kan MoS2 (haɗin molibdenum da sulfur) falle ɗaya ne: yadda girgizar atam, wato fonon, ke kifar da sifin na elektron, wato ɗan maganaɗisunsa mai kallon sama ko ƙasa. Ni fa wutar rana na so in yi, malamina ya ce wannan ake yayi, ya sa ƙafa ya tafi Faransa, amsar saƙo sai ya ga dama. Ga bikin ƙanwata, ga kuran da ake ɗaukewa ana tsakar lissafi, ordinater ɗin ma aro ce wajen wana. A lissafina elektron na karo da fonon, yana sauya hanya, amma sifin ko gezau, har a 300 K, wato zafin ɗaki. Sutnans, wato ranar kare aikin gaban juri, ta ƙarato. Ina matsalar take?

Mushe Ɗan Adar:
Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tsarin kifewar sifin na Dyakonov-Perel ne, tun 1971 aka rufe wannan babi. Sifin na zagayawa ne tsakanin karo da karo, yawan karon ma tsawon rai yake ƙara masa. Ke kin bi tsarin Elliott-Yafet, inda kowane karo ke iya kifar da shi. Canza kawai.

Baban Yara:
Naki malamin har amsa yake? Nawa sai da na bi shi wajen suna kafin ya sa mini hannu.

Wata Yaya:
Mushe, da girmanka, a falle ɗaya filin maganaɗisun da sifin ke ji a tsaye yake, sama a kwarin K, ƙasa a K' (kwaruruka biyu na makamashi da elektron ke zama). Sifin da ke tsaye me zai zagaya? Ƙanwata, waɗanne fonon kika sa? LA da TA, masu girgiza a kwance cikin fallen, ba sa bambanta saman falle da ƙasansa, don haka ba za su juya shi ba. Sai irin ZA, mai lanƙwasa fallen kamar tabarmar da iska ta kaɗa. Kuma elektron kike bi ko gurbin da yake bari in ya tashi? A gurbi ratar makamashi tsakanin sifin sama da na ƙasa ta kai wajen 150 meV (awon makamashi ne), alhali zafin 300 K bai wuce 26 meV ba.

Ɗalibar Yamai:
Yaya, LA da TA ne. ZA da gangan na cire, a manhajar lissafi ta Quantum ESPRESSO lambobinsa ƙasa da sifili suke fitowa. Ai in fallen na kan dandamali, wato abin da ake shimfiɗa shi a kai, ba ya lanƙwasa sosai.

Wata Yaya:
Amma naki a lissafi rataye yake. Gyara za ki yi, ba cirewa ba.

Mushe Ɗan Adar:
Kun ji ko! Ita da bakinta ta ce dandamali. Shi ke karkata filin, Dyakonov-Perel ya dawo. Ko ki koma WSe2, ɗan'uwan MoS2, ratarsa ta haura 400 meV.

Ɗalibar Yamai:
Mushe, babi biyu sun riga sun tafi wajen malam da MoS2. ZA kuma ordinater ɗin ba za ta ɗauka ba.

Baban Yara:
To wa zai zauna a juri ɗin naki?