Tayar A/T ko ta kwalta, wacce zan sa wa Hilux?

Baban Ummi, Hotoro:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin harkar mota ku ba ni shawara. Hilux ce da ni 2012 mai shan fetur, fo-wil ce, tayoyinta duka huɗu sun suɗe har na baya sun fara tsattsagewa ta gefe, lambar da ke jiki 265/65R17. Yawancin zirga-zirgata cikin gari ne, gida zuwa shago, kai yara makaranta, wani lokacin in ɗauko kaya a Dawanau, amma ina da gona a bayan Kura kuma da damina kusan duk ƙarshen sati sai na je, daga inda kwalta ta ƙare akwai burji sannan a shiga hanyar gona wadda in an yi ruwa sai addu'a. Na je Ƙofar Ruwa, wani ya ce in sa all-terrain mai manyan haƙora, na kusa da shi ya ce asarar kuɗi ce in sa all-season kawai. Kuɗin ba kaɗan ba ne kuma guda huɗu zan saya lokaci ɗaya, shi ya sa ba na so in yi gaggawa.

Usta Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kalmar all-season ɗin nan kar ta ruɗe ka, don ƙasashen da ke da sanyi da ƙanƙara aka yi ta, mu nan zafi ne da damina da hunturu. Abin da za ka duba a jikin taya shi ne H/T ko A/T ko M/T. H/T ita ce ta kwalta, zanenta ƙanana ne a haɗe, ba ta ƙara, burki na kama ta da kyau in titi ya jiƙe, kuma motar ba ta shan mai sosai da ita. A/T, wato all-terrain ɗin da aka ce ka sa, rabi da rabi ce, haƙoranta sun fi girma da tazara a tsakani, kafaɗarta ta fi kauri. M/T kuwa ta laka ce zalla, ka manta da ita, in ka sa ta a cikin gari za ka ji tana kuka tun daga Hotoro har Kabuga kuma nan da nan kwalta za ta cinye ta.

Ni dai A/T zan ce, ba ma don laka ba. Abin da ke kashe tayar masu zuwa gona shi ne tushiyar kara da ƙaya da tsakuwar burji. Tushiyar karan dawa da aka sare a karkace in ta bushe tsini gare ta, kana juya mota a bakin gona sai ta soki gefen taya, kuma in taya ta huje ta gefe babu mai facin da zai gyara maka ita ta zauna lafiya, ko ya liƙe maka wata rana kana gudu a titin Zariya za ta kumburo ta yi ƙulli. H/T gefenta bai kai na A/T ƙwari ba, a nan ake asarar taya sabuwa fil da zanenta.

Sadiq Na'ibawa:
Usta ka yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Mutumin nan ya ce kwana biyar ko shida a sati yana kan kwalta, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba ce, ragowar wata 8 fa? Zai yi ta biyan kuɗin mai da jin gurnani a kunne saboda 'yan kilomitoci na hanyar gona. A/T ta fi nauyi, haƙoranta na riƙe mota, dole mai ya ƙaru ko da kaɗan ne kuma da tsadar fetur ɗin nan kaɗan ɗin ma abu ne. Sannan ranar da aka yi ruwan Agusta titi ya cika wani ɗan adaidaita ya faɗo maka gaba ba sigina, H/T mai kyau za ta tsaya kafin yawancin A/T su tsaya. Motarsa fo-wil ce ai, ya sa giyarta ya rage iska kaɗan ya wuce abinsa. Gaskiya rabin masu sa manyan tayoyin nan a garin nan don gayu suke yi, motar ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Usta Ɗanlami:
Sadiq fo-wil tayoyi huɗu take juyawa, in zanen ya cika da taɓo ya zama sumul to huɗun ne za su yi ta juyawa a waje ɗaya. Ƙasar wajen Kura da Kadawa ta shinkafa ce, danƙo gare ta. Amma ka yi gaskiya kan gayu, kuma ko A/T ɗin in taɓo ya kai rabin taya kafewa za ta yi, sai an nemo tarakta.

Injiniya M.K.:
Duk kun tsaya kan zane, ni kuma abin da ya fi damuna shi ne rubutun da ke gefen tayar, don Baban Ummi ya ce yana ɗaukar kaya. Bayan 265/65R17 za ka ga wata lamba da harafi, misali 112S ko 112T. 112 ɗin nan nufinta kowace taya na iya ɗaukar kilo 1,120, harafin kuma iyakar gudu ne, S kilomita 180 a awa, T 190. Kar ka sayi wadda lambarta ta gaza ta wadda motar ta zo da ita komai arharta. In kuwa kana yawan loda buhunan shanshera lokacin girbi, nemi wadda aka rubuta LT a farkon lambar, irinta za ka ga 120 wato kilo 1,400, jikinta ya fi kauri amma ka sani motar za ta ƙara tauri in babu kaya a baya, kowane rami za ka ji shi a ƙugunka. Kuma LT ba ta ƙara wa motar ƙarfin ɗauka, sifirin da burki suna nan yadda suke.

Na biyu shekarar taya. Akwai inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin lambobi huɗu ne a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2322 to sati na 23 ne a 2022. Duba da idonka guda huɗun ɗaya bayan ɗaya, kar ka yarda a nuna maka ɗaya a loda maka saura, don taya na iya zama a sito ta tsufa ba ta taɓa hawa titi ba. 'Yan Road Safety shekara 4 suke ƙirgawa daga ranar da aka ƙera ta. Da zafin watan Afrilu da yake haura digiri 40, tsohuwar roba da kaya da gudu, abin da ke fasa taya kenan a hanya.

Na uku ka guji Beljiyam in da hali. Da yawa tayoyin sanyi ne da aka cire a Turai, zanensu cike yake shar shi ya sa suke jan ido, amma robarsu mai laushi ce don ƙanƙara aka yi ta, a kwaltarmu gogewa take da sauri. Za ka gane su da ƙananan tsage-tsage birjik a kan kowane haƙori da alamar dutse mai kai uku.

Sadiq Na'ibawa:
Injiniya alamar dutsen nan fa har wasu A/T sababbi na da ita, BFGoodrich KO2 ma tana ɗauke da ita, kar ya je ya ga alamar ya gudu. Ya duba ko an rubuta winter ko studless.

Injiniya M.K.:
Haka ne. Kuma tsakanin ra'ayinku biyu akwai matsakaiciya, A/T ba iri ɗaya ba ce, irin su Dunlop Grandtrek AT ko Bridgestone Dueler A/T ko Yokohama Geolandar A/T zanensu bai kai na KO2 faɗa ba, a kwalta ba su cika ƙara ba, a burji kuma sun fi H/T nesa ba kusa ba. Da ni ne ita zan sa, sayiz ɗin da motar ta zo da shi, kar a zuga ka ka ƙara girma ta dinga gogar jiki in ka karya kan mota kuma agogon gudu ya dinga yi maka ƙarya. A yi alaimen da balansin ranar da aka ɗaura. Iska kuma bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe taya na da sanyi, ba mai faci ya buga da ƙarfe ya ce ta yi ba.

Baban Ummi, Hotoro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsakaiciyar A/T ɗin zan nema, LT kuma ina ga ba sai na sa ba tunda in an yi girbi babbar mota nake ɗauka. Yanzu na leƙa ƙarƙashi na duba safaya, 2015 ce a jiki kuma ba ta taɓa sauka ba, zanenta sabo. Ita ma sai na canza ko za ta iya kai ni wajen mai faci in ta kama?

Usta Ɗanlami:
Canza ta Alhaji. In kuɗi bai kai biyar ba sa H/T mai sauƙi sayiz ɗaya a safayar, kuma ka sa a sauko da ita a shafa wa sarƙar giris, irin waɗannan ranar da ake buƙatarsu ake tarar da tsatsa ta riƙe.