Wanda ya riga ya sayi gem, in an kai shi sabon shago sai ya sake biya? Kowa ya kawo abin da ya faru da shi

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani ɗan ƙaramin gem na dabarun yaƙi da na saya shekarun baya kai tsaye a shafin masu shi, lokacin ba su shiga kowane babban shago ba, ka biya su turo maka hanyar saukewa ta imel shi ke nan. To yanzu sun kai shi Steam, babban shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, inda kusan duk gem ɗina suke, can ne ake samun afdet kai tsaye da ajiyar seb (inda ka tsaya a wasa) a intanet, mu kuma da muka tallafa musu tun ba su da kowa aka bar mu da tsohon bugu. Na nemo tsohon rasit ɗina a imel har da lambar oda na tura musu, amsar da suka ba ni wai sai dai in sake saya amma akwai ragi na makon farko. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba duk da dai kun san yadda dala take yanzu, abin da nake son ji shi ne haka ake yi dama ko ni aka raina? Don Allah ban da ji-ta-ji-ta, wanda abu irin wannan ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai Laftof:
Wa alaikumus salam. Mutumina ba ko'ina ake haka ba wlh. Ni gem ɗin Destiny 2 a shagon Battle.net na saye shi har da ƙarinsa mai suna Forsaken, da Bungie masu gem ɗin suka rabu da Activision, kamfanin da ke dillancinsa, a farkon 2019 sai aka ce gem zai koma Steam ranar 1 ga Oktoba na shekarar, hankalina ya tashi na ce shi ke nan kuɗina sun bi ruwa. Ashe abin da za ka yi kawai ka shiga shafin Bungie ka haɗa akawunt ɗinka biyu, komai ya biyo ni, 'yan wasana da makamaina da abin da na saya, ko sisi ban ƙara ba. Asarar da na yi ɗaya ce, data, don sai da na sake sauke gem ɗin tun daga farko, na riƙa bin garaɓasar datar dare ina addu'a kar a ɗauke wuta.

Baffan Yara:
Haka kamfanin gem na Bethesda ma suka yi a 2022 da za su rufe manhajarsu ta kwamfuta da ake buɗe gem ɗinsu da ita, suka buɗe ƙofa mutum ya kwashe gem ɗinsa zuwa Steam har da ragowar kuɗin da ke asusunsa. Na kwashe nawa lafiya lau. Amma ƙanena ka lura da wani abu, waɗannan biyun su ne suka tashe mu daga inda muke, tsohon wurin rufe shi za a yi ko za a cire gem ɗin daga can, to dole su ɗauke mu. Naka kuwa ba su karɓe wanda ka saya ba ai, yana nan yana aiki, reshe kawai suka ƙara. In ka sayi shadda a Kantin Kwari mai shagon ya buɗe sabon reshe a Sabon Gari za ka je ka ce a ba ka wata kyauta don ka taɓa saya?

Ɗan Fagge:
Baffa da girmanka amma shadda in ya ba ni wata ta ragu a shagonsa, wannan fa lamba ce kawai zai turo min ba abin da zai ragu a wurinsa. Kuma afdet ɗin da suka daina turo mana fa?

Baffan Yara:
To in sun daina turo afdet wannan wata magana ce daban, nan kam ina bayanka.

Injiniya Sak:
Bari in shigo nan don ina ɗan taɓa harkar rubuta manhaja kuma na karanta ƙa'idojin da Valve, kamfanin da ya mallaki Steam, ke ba masu gem. Gaskiyar Ɗan Fagge ce ta wani ɓangaren, mai gem yana iya neman kod na Steam, wato lambar da in ka shigar za a ba ka gem ɗin a can, kuma Valve ba ta cajinsa komai a kai, kashi 30 ɗin da aka san tana ɗauka a cinikin da aka yi cikin shagonta ne, shi ya sa in ka sayi gem a wani shagon kamar Humble Bundle sau da yawa kod ɗin Steam ake miƙa maka. Zamanin Greenlight ma, tsarin da jama'a ke zaɓen gem ɗin da zai shiga Steam, daga 2012 zuwa 2017, ƙananan masu gem da yawa haka suka riƙa yi, ku zaɓe mu mu shiga Steam duk wanda ya riga ya saya za mu ba shi kod, ni kaina na samu irin wannan har yanzu yana cikin jerin gem ɗina. Saboda haka in an hana ka yawanci ra'ayi ne ba wai ba ya yiwuwa ba.

Amma fa akwai abin da ke sa su tsoro kuma ba ƙarya ba ne. Mutum yana da tsohon bugu a kwamfutarsa wanda ba ya buƙatar kowane shago kafin ya buɗe, an ba shi kod, sai ya riƙe tsohon ya kai kod ɗin kasuwar bayan fage ya sayar da rabin kuɗi, ka ga gem ɗaya ya zama biyu kuma a daidai makon da suke fatan ciniki. Ga aikin tantance rasit ɗaya bayan ɗaya in su biyu ne ko uku a kamfanin. Wani lokacin kuma wanda ya kai gem ɗin sabon shagon ba shi ne ya sayar maka tun farko ba, wani kamfanin dillanci ne ya sayi haƙƙin, shi kuma bai taɓa ganin kuɗinka ba balle ya ji nauyinka. Duk da haka ni a ganina wanda ya saya tun gem ɗin bai gama nuna ba ya fi kowa cancanta, ko ba komai shi ya riƙa kawo musu rahoton matsala kyauta.

Hajiyar Gem:
Ni nawa labarin mai daɗi ne. Akwai GOG Connect da aka fara a 2016, ka haɗa akawunt ɗinka na Steam da na GOG, wato wani shagon gem daban, in kana da wani gem cikin waɗanda suka lissafa sai su ba ka shi a nasu shagon kyauta, sai dai na 'yan kwanaki ne kowane zagaye in ka makara ya wuce, kuma sai masu gem ɗin sun yarda shi ya sa manyan gem ba su cika shigowa ba. Na tsinci 'yan ƙanana da dama a haka. Daɗin GOG shi ne suna ba ka fayil ɗin girkawa gaba ɗaya, na zuba nawa a had dis, ko babu intanet ko an rufe shagon gobe ina da abina, ƙannena ma in sun zo hutu daga nan suke bugawa. Sun daina tsarin yanzu, abin ya ban haushi amma dai ba su karɓe wanda suka bayar ba.

Auta:
Anti don Allah a ara min had dis ɗin nan 😂

Hajiyar Gem:
Auta ka ci gidanku, wanda na ara maka bara ma ina yake?

Na Marka:
Ku tsaya ku ji wannan. Yayana ya dawo daga karatu waje da wani tsohon faifan gem ɗin Half-Life a kwalinsa, ya yi shekaru a ƙasan akwati har kwalin ya yi laushi, faifan kuwa duk ya kakkarce ba ya karantuwa ko ka goge shi da me. A bayan murfin akwai 'yar farar takarda manne da lambobi, gefenta ya ɗan ɗago tawadar ta koɗe, sai da na haska fitilar waya na karkata shi kafin na bambance 3 da 8. Na shigar a Steam don gwaji kawai ba da wani fata ba, sai ga shi ya karɓa, gem ɗin 1998 fa, alhali Steam ɗin kansa sai 2003 aka buɗe shi. Wato faifan ya girmi shagon da shekara biyar amma suka girmama cinikin. Tun ranar in wani kamfani ya ce min ba ya yiwuwa sai in yi murmushi kawai.

Injiniya Sak:
Na Marka ai wannan gem ɗin Valve ne a shagonsu, ba wanda za su raba kuɗi da shi, shi ya sa ya zo da sauƙi. Ka duba Metro Exodus a 2019, saura makonni kaɗan ya fito aka janye shi daga Steam zuwa shagon Epic da ke ɗaukar kashi 12 kawai, waɗanda suka riga suka biya a Steam an ba su a can inda suka biya, sauran masu son saya a Steam kuwa sai da suka jira shekara guda. Rocket League ma da ya koma Epic ya zama kyauta a Satumbar 2020 an cire shi daga kasuwar Steam amma masu shi suka ci gaba da bugawa a can ana turo musu afdet. To wannan shi ne mafi ƙarancin adalci, in ba za ka kai ni sabon wuri ba kar ka bar ni a baya a tsohon.

Mai Gyaran Waya:
Ku duk masu kwamfuta ne, mu a Farm Centre abin da muke gani kullum na waya ne. Yaro zai zo ya canza daga Android zuwa iPhone a kwashe masa hotuna da lambobi sai ya ce ina gem ɗina da na saya, sai ka zauna kana yi masa bayani cewa Play Store da App Store kowa da littafinsa, abin da ka biya a can ba ya biyo ka nan. Ni kaina akwai gem ɗin ƙwallo da na zuba wa kuɗi ba kaɗan ba, da na canza waya 'yan wasana sun dawo da na shiga da akawunt amma koyin ɗin da na saya ban kashe ba suka maƙale a tsohuwar, na rubuta musu suka ce haka ƙa'idar take na karanta tun farko. Wa yake karanta wannan dogon rubutun fisabilillahi? Yanzu duk wanda ya zo canza waya sai na ce ya kashe koyin ɗinsa tas kafin mu fara.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu matsalarmu ta ma wuce nan, shagon PlayStation ba shi da Nijar ba shi da Najeriya, kowa da akawunt ɗin Faransa ko Amurka yake lallaɓawa da gif kad. To in aka ce masu faifan PS4 za su samu na PS5 kyauta ko da ƙarin dala 10, sai faifanka ya dace da yankin akawunt ɗinka, kuma sai PS5 ɗin mai cin faifai ce don sai ka saka faifan a ciki duk sanda za ka buga. Ina da gidan gem, faifaina rabi na Turai rabi na Amurka yadda suka zo a gwanjo, wasu sun hau wasu sun ƙi. Mai niyyar sayen PS5 in yana da tarin faifai ya nemi mai ramin faifai ko da ta fi tsada.

Baƙon Ingila:
Ina nan lokacin da Google suka rufe Stadia, tsarinsu na buga gem kai tsaye ta intanet, a Janairun 2023 kuma ina cikin waɗanda suka saya. Sun dawo mana da kuɗin gem da na abin bugawa gaba ɗaya, sannan kamfanin gem na Ubisoft suka ba mu gem ɗinsu da muka saya a can a kan kwamfuta ba tare da ƙarin kuɗi ba, wato na samu kuɗina kuma na samu gem. Amma kar mu ruɗi kanmu duk wannan alheri ne ba doka ba. Ni ban taɓa sayen The Crew ba amma kowa ya ga labarin, an kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfani da gem ɗin ke haɗuwa da ita kafin ya yi aiki, a ƙarshen Maris 2024 gem ɗin ya daina buɗewa ga duk wanda ya saya, daga nan aka taso da gangamin Stop Killing Games na neman a daina kashe gem ɗin da mutane suka saya, har sa hannu ya haura miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Steam ma tun 2024 in za ka biya suna rubuta maka a fili cewa lasisi kake saya, wato izinin bugawa, ba mallakar gem ɗin ba.

Hajiyar Gem:
Shi ya sa na ce had dis. Ɗan Fagge kafin komai ka kwafe wancan tsohon fayil ɗin ka ajiye wuri biyu, kar wata rana su rufe shafin nasu gaba ɗaya tunda sun samu sabon gida.

Injiniya Sak:
Kuma ka sake rubuta musu amma kar ka nemi kod kai tsaye, ka tambaye su yaushe za a turo wa masu tsohon bugu afdet ɗin da ya fita a Steam, ka haɗa da hoton rasit. Kula da bugu biyu wahala ce gare su, sau da yawa turo maka kod ya fi musu sauƙi. In akwai wasu da suka saya irin naka ku tura tare a rana ɗaya.

Auta:
Ni ma ina da shi fa Yaya, wancan mai taswirar tsibirai ko? Amma da imel ɗin makaranta na saya kuma sun rufe shi tun da muka gama, akwai yadda za a yi in samo rasit ɗin ta wajen banki?