Na sayi Garmin GNS 430 na hannu, rediyonsa ya ƙi magana

Ɗan Katsina a Texas:
Assalamu alaikum. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin jirgin sama, tsohuwar Cessna 172M, ƙirar 1975. Watan jiya na samu GNS 430 na hannu da araha, wato na'urar GPS da rediyo ta jirgin sama, ya zo da tirensa da soket ɗin baya, amma an datse wayoyin da almakashi, kowace ba ta fi tsawon yatsa ba. Na jona shi da batir mai bolt 12 a kan tebur, allo ya kawo, taswira ta fito tas, sai dai ɓangaren rediyo shiru. Ya lalace ne, ko ni ne ban iya jonawa ba?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, juya shi ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. In ka ga bolt 28 kaɗai, lafiyarsa ƙalau. Na farko-farkon da Garmin ta fitar, rediyonsu bolt 28 yake ci, shi kuwa ɓangaren GPS yana tashi ko da ƙaramar wuta, shi ya sa allon ya ruɗe ka. Jirginku mai bolt 14 ne, sai a 1978 Cessna ta mayar da 172 zuwa 28. Ko ku sa na'urar ɗaga wuta, ko ka nemi 430 mai 14/28, wanda ke aiki da kowacce, ka yi musaya. Ni musaya zan yi, bayan allon na'urorin 172 ba wurin tara kaya ba ne.

Ɗan Katsina a Texas:
Baba, na duba. 28 ne. Wallahi ido na rufe da na ga farashin.

Matuƙiya:
Yaya, eriya fa? 430 zalla eriyar GA 56 yake amfani da ita, mai W a ƙarshe, wato 430W, GA 35. Kar ka sayi kowace sai ka san wanda za ka riƙe.

Baba Injiniya:
Ta yi gaskiya. Guntayen wayoyin nan kuma kar a yi musu ƙari, a zare su a sa sabbin fil. GPS da rediyo kowanne da nasa fis, a ja masa iskar fanka, don akwatin nan yana ɗaukar zafi. Kuma ba kai za ka ɗaura ba. Jirgi mai rajistar Amurka sai mai lasisin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ya duba ya sa hannu a littafin jirgin.

Ɗan Katsina a Texas:
Na gode Baba. Na tura wa mai kayan saƙo kan musaya, ya karanta tun safe bai amsa ba.